Gyaran Kyamarar Waya a Dakoro: Abin da Ke Lalacewa da Abin da Ke Gyaruwa

A garin Dakoro, hedikwatar gundumar da ke kimanin kilomita 120 arewa da birnin Maraɗi, inda gonakin gero suke soma janyewa makiyayar Fulani da Buzaye take buɗewa, kyamarar wayar salula ta daɗe da shiga sahun kayan neman abinci. Dillalin bisashe yakan ɗauki hoton rago ko bijimi ya tura wa mai saye a Maraɗi ko Katsina ta WhatsApp tun kafin a fara maganar kuɗi, makiyayin da ke kwarin Tarka ko wajen Bermo yakan nuna wa malamin dabbobi ciwon da ya fito a kofaton saniya ba tare da ya koro ta gari ba, iyalan 'yan ci-rani da ke Libiya da Aljeriya da Najeriya kuwa da ita suke ganin fuskokin juna. A Nijar, ƙasar da fiye da rabin manyanta ba sa karatu da rubutun boko, hoto da saƙon murya su ne suke ɗaukar nauyin da wasiƙa take ɗauka a wasu wurare, saboda haka lalacewar kyamara asara ce da take taɓa ciniki da zumunci lokaci guda. Abin takaicin shi ne, yawancin wayoyin da ake yanke wa hukuncin cewa kyamararsu ta mutu ƙaramin ciwo ne yake damunsu, kuma abin da yake mayar da ƙaramin ciwon babba shi ne jinkirin mai waya, ko kuma gaggawar mai gyara wajen canza abin da bai bincika ba.

Ɗan zagayayyen gilashin da ake gani a bayan waya murfi ne kawai, wanda aka manna da gam a jikin marfin baya domin ya kare abin da ke ciki. Kyamarar kanta tana ƙarƙashinsa, a cikin wani ɗan kwanso mai kusurwa huɗu da masu gyara suke kira modul, wanda faɗinsa bai cika wuce santimita ɗaya ba a wayoyi masu sauƙin kuɗi. A cikin kwanson akwai jerin ruwan tabarau, wato 'yan faya-fayan da suke tattara haske su karkata shi zuwa wuri guda, waɗanda yawansu yakan kama daga huɗu zuwa bakwai, kuma akasarinsu da roba mai tsabta ake yin su, abin da ya sa ba sa jure karce ko kaɗan. Bayansu akwai wata siririyar matata mai tare hasken da idon mutum ba ya gani, wanda in an bar shi ya wuce zai ɓata launin hoto, sannan a can ƙasa akwai sensa, wato ɓallin silikon da yake mayar da haske ya zama lantarki. Fuskar sensa a rarrabe take zuwa miliyoyin ɗigogi masu karɓar haske da ake kira fiksel, kuma idan aka ce kyamara tana da megafiksel 50 ana nufin ɗigogin sun kai miliyan 50. Faɗin kowane ɗigo yana kusa da maikiron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali kaurin gashin mutum yakan kai maikiron 70, kuma daga wannan lissafi kaɗai mai karatu zai gane abin da ƙwayar ƙura guda take iya rufewa. Daga kwanson wata lallausar igiya mai faɗi take fita, wadda ake kira fileks, ta je ta maƙale a babban allon wayar, wanda masu gyara na Kano suke kira fanel.

Wannan fasaha ba tsohuwa ba ce. A shekarar 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro na'urar farko mai irin wannan aiki a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2009, a farkon shekarun 1990 kuma Eric Fossum da abokan aikinsa a wata cibiyar hukumar NASA suka inganta nau'in sensa mai cin wuta kaɗan da ake kira CMOS, wanda shi ne yake cikin kusan kowace waya a yau. Wayoyin farko masu kyamara sun fito kasuwa a Japan a 1999 da 2000. Waɗanda suka fi yawa a hannun mutanen jihar Maraɗi, wato Tecno da Itel da Infinix, duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda yake riƙe da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka ja masa masu saye shi ne yadda ya daidaita kyamarorinsa su fitar da fuskar baƙar fata sarai.

Sai dai ba a ƙera waɗannan na'urori da yanayin Dakoro a zuciya ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko lallausar ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, a farkon damina kuma iskar da take gabatar hadari tana tayar da rairayi ta cusa shi ko'ina. Rairayin nan galibinsa ma'adinin kuwaz ne, wanda yake mataki na 7 a ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, yayin da gilashin da ake sa wa waya bai cika wuce mataki na 6 ba, ma'ana duk lokacin da aka goge murfin kyamara da gefen riga ko rawani alhali akwai rairayi a kai, ana gurza shi ne da abin da ya fi shi tauri. Karce ɗaya ko biyu ba sa bayyana a hoto, domin murfin yana kusa da ruwan tabarau ƙwarai har kyamara ba ta iya tsayar da gani a kansa, amma idan suka yi yawa sukan watsa haske, hoto ya riƙa fita da hazo, fitilun dare kuma su riƙa jan wutsiya. Zafin bazara yana ƙara nasa. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da wannan adadi ba, ga shi kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin Dakoro yana haura digiri 40 a inuwa. Zafi yana sassauta gam ɗin da yake riƙe da marfin baya da murfin kyamara, yana kuma gaggauta kumburin batir, musamman a wayar da ake bari a rana kusa da faifan sola tana caji, batirin da ya kumbura kuwa yakan ɗaga marfin baya ya buɗe wa ƙura ƙofa. Akwai kyamarori da dama da asalin ciwonsu daga batir ya faro, kuma mai gyaran da ya canza kyamara ya bar kumburarren batir a wurinsa bai yi rabin aikin ba, ga haɗarin gobara da ya bari a aljihun mai waya.

Fashewar murfin gilashi ita ce lalurar da ta fi yawa, ita ce mafi arahar gyara, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci, saboda wayar takan ci gaba da ɗaukar hoto bayan murfin ya tsage, sai mai ita ya ɗauka babu gaggawa. Amma daga ranar da murfin ya tsage, kwanson kyamara a buɗe yake ga ƙura da gumi da ɓarɓashin gilashin kansa, kuma a lokacin hunturu makonni kaɗan sun isa a tashi daga gyaran da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba zuwa sayen sabon modul mai ninkin kuɗin sau da yawa. Idan babu halin zuwa wurin mai gyara nan take, kamar yadda yake ga mutanen rugage da ƙauyukan da sai ranar kasuwa suke shigowa gari, manna ɗan salatif mai haske a kan murfin yana tare ƙura har a samu zuwa, ko da hoton zai ɗan dushe.

Canza murfin yana da hanya biyu. Ta farko ita ce a ɗumama wurin da na'urar hura iska mai zafi har gam ya saki, a tsince gutsattsarin gilashin da hantsaki daga waje ba tare da an buɗe wayar ba, hanyar da ta fi sauri amma take da haɗari, domin bakin hantsaki ko tsinin gilashi yana iya zamewa ya karce ruwan tabarau na farko, wanda ba a iya canza shi shi kaɗai. Ta biyu ita ce a cire marfin baya gaba ɗaya, a raba shi da kyamara, a ture fasasshen gilashin daga ciki zuwa waje, a kankare tsohon gam, a goge gurbin da barasar wanke na'urori da ake kira isofurofil, wadda take bushewa ba ta bar tabo ba, sannan a ɗora sabon murfi da zoben mannewarsa. Ta biyun ta fi cin lokaci, amma ita ce ta dace da duk wayar da mai ita yake ji da ita. A nan ne ake yawan yin wani kuskure mai tsada, wato manne murfin da sufa gulu, gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake samu a kowane tebur. Yayin da yake bushewa yana fitar da tiriri wanda yake sauka a kan gilashi da roba ya bar farin dusashe, kuma idan ya sauka a kan ruwan tabarau da wuya ya gogu, sai a wayi gari an lalata lafiyayyar kyamara garin gyara murfinta. Gam ɗin da ya dace shi ne mai laushi irin B-7000 ko T-7000, a shafa shi siriri a gefe, a bar shi ya kama sosai kafin a mayar da waya aljihu. Shawarar da take yawo cewa man goge baki yana share karce ita ma ɓarna ce, domin yana cinye siririn rufin da aka yi wa gilashin don rage ƙyalli. Wurin aikin ma yana da muhimmanci, tun da buɗe waya a rumfar da ke bakin hanyar da babura suke tayar da ƙura yana iya shigar da abin da ya fi wanda aka zo cirewa, kuma mai gyaran da ya san aikinsa yakan rufe idon kyamara da ɗan salatif da zarar ya buɗe waya, ya yi irin wannan aiki a cikin ɗaki ko da sassafe kafin kasuwa ta ci.

Idan kyamara ta ƙi buɗewa ko ta nuna baƙi ƙirin, bincike yana farawa ne tun kafin a taɓa sukurudireba, kuma mai waya da kansa yana iya yin kaso mai yawa daga ciki. Kyamarar da take aiki a manhajarta amma ta ƙi aiki a WhatsApp ko Facebook lafiyarta ƙalau, izinin amfani da ita ne aka hana wa waccan manhajar a cikin saitin waya. Wadda take ɗauka amma hoton ba ya ajiyuwa, ma'ajiyar wayar ce ta cika ko katin memori ya lalace. Wadda take rufe kanta da tsakar rana bayan an daɗe ana bidiyo, wayar ce take kare kanta daga zafi, kuma takan dawo idan ta huce. Kashe waya a kunna, share tarkacen da manhajar kyamara ta tara, da tayar da wayar a yanayin kariya, wato yanayin da Android yake tashi ba tare da manhajojin da aka sauke daga waje ba, suna warware matsaloli masu yawa ba tare da an kashe ko dala ba. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne filashin, wato sake ɗora wa waya manhajarta daga tushe, wanda wasu masu gyara suke gaggawar yi wa kowace matsala. Filashin yana share duk abin da ke cikin waya, hotuna da lambobi da saƙonni, kuma ba ya gyara igiyar da ta saki ko sensar da ta ƙone, don haka matsayinsa na ƙarshe ne, bayan an kwashe ajiyar mai waya an kuma sanar da shi.

Gwaji mafi amfani shi ne juyawa tsakanin kyamarar gaba da ta baya. Idan ɗaya tana aiki ɗaya ba ta yi, musamman bayan faɗuwa, zargi na farko yana kan mahaɗin fileks, wanda yakan ɗan ɗago daga gurbinsa, kuma cire shi a goge a mayar ya isa ya dawo da gani, muddin an fara raba batir da fanel kafin a taɓa shi. Idan duka biyun sun ɗauke tare, hankali yakan koma kan fanel, inda wasu ƙananan sassa suke ba kyamara wuta iri uku, mai ƙarfin kusan bolt 2.8 da 1.8 da kuma ɗaya da 'yan kai, kuma ɗaukewar guda daga cikinsu ta isa ta makantar da kyamara mai lafiya. Gano wannan sai da mitar awon lantarki da madubin ƙara girma da taswirar fanel, gyara shi kuma sai mai hannun ɗinkin dalma, kuma ba aibi ba ne mai gyara a Dakoro ya ce wannan aiki na Maraɗi ne ko na Kano, domin hakan ya fi ya dafa fanel da zafi yana lalube.

Hoton da ya ƙi tsayawa sarai yana da nasa bayani. A yawancin kyamarorin baya, ruwan tabarau yana zaune ne a cikin naɗin siririn zaren tagulla da ke tsakanin 'yan maganaɗisu, rataye a kan sifirin masu laushi, kuma idan lantarki ya ratsa naɗin sai ya tura tabarau gaba ko baya har abin da ake ɗauka ya fito. Saboda a rataye yake, ɗan ƙaran da ake ji idan an girgiza waya ba alamar lalacewa ba ne. Faɗuwa ko ƙwayar rairayi tana iya cije wannan inji, sai kyamara ta riƙa ganin nesa ta kasa ganin rubutun takarda, ko akasin haka. Manyan wayoyi masu tsada suna da ƙarin inji mai rage rawar hannu, kuma a watan Satumban 2021 Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa jijjigar injin manyan babura tana iya lalata shi. Gargaɗin ya shafi 'yan kabu-kabun da suke ɗaure waya a kan kan babur suna bin hanyoyin burji, ko da yake akasarin wayoyi masu araha ba su da wannan inji, masu sayen iPhone da Samsung na hannu ne ya fi kamata su kula. Baƙin tabon da yake zama a wuri guda a kowane hoto, wanda ya fi fitowa idan aka ɗauki sararin sama ko farar takarda, ƙura ce da ta kai ga matatar da ke saman sensa. Layuka masu launin kore ko shunayya da ba sa gushewa kuwa sensa ce ta taɓu, sau da yawa saboda an auna ta ga hasken leza na wuraren biki ko ga wutar walda. Duk waɗannan maganinsu ɗaya ne, a canza modul ɗin dungurungum, domin a masana'anta ana haɗa shi ne a ɗakin da aka tace iskarsa, a daidaita tabarau da sensa da na'ura, abin da hannu ba ya iya maimaitawa a kan tebur.

Ruwa bai kai ƙura ɓarna ba a yankin da ruwan samansa na shekara yake tsakanin milimita 300 zuwa 400, amma bakin rijiya da wurin alwala da gumin aljihu sun isa. Raɓar da ta taru a cikin murfi alama ce cewa laima ta shiga, kuma abin yi shi ne a kashe wayar, kada a sa ta caji, a kai ta a buɗe a busar kafin tsatsa ta kama mahaɗai. Binne ta a cikin shinkafa ɓata lokaci ne.

Daga nan sai maganar kayan gyara, wadda ita ce ainihin iyakar mai gyara a garin da ba shi da manyan dillalai. Kusan duk ɗan gilashi da modul da ake sa wa waya a Dakoro ya faro ne daga kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen, ya biyo ta Legas ko ta kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut a Kano, ya ratsa Katsina da Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, sannan ya kama hanyar Tibiri zuwa arewa. Tsawon wannan zare ya bayyana bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa farkon 2024 da aka janye takunkumin aka buɗe iyakar. Kayan da ake samu iri biyu ne a aikace, akwai sabon kwafi wanda ingancinsa sai an gwada, akwai kuma na asali da aka ciro daga matacciyar waya, wanda sau da yawa ya fi sabon kwafin kyau idan ba ruwa ne ya kashe wayar ba. Wannan ne ya sa tarin matattun wayoyin da ake gani a akwatin mai gyara jari ne. Sunan waya kaɗai ba ya isa wajen oda, domin kamfani yakan sa sensa daga masana'antu daban-daban a waya mai suna ɗaya, sai an duba lambar da ke rubuce a jikin fileks. Yana da kyau mai waya ya san cewa a wayoyi masu araha da ke nuna ido uku ko huɗu a baya, guda ɗaya ne yake ɗaukar hoton, sauran ƙananan mataimaka ne, wani ma ado ne kawai, don haka babu dalilin biyan kuɗin gyaran abin da ba ya aiki tun asali. A ɓangaren iPhone kuwa, tun daga samfurin 12 wayar tana nuna gargaɗi idan aka sa mata kyamarar da ba ta gane ba.

A Turai an mayar da wannan batu na doka. Faransa ta wajabta wa masu sayar da waya nuna makin sauƙin gyaranta a Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa kamfanoni, daga Yunin 2025, su ci gaba da samar da kayan gyara har shekara bakwai bayan sun daina sayar da samfuri. Mai waya a Kornaka ko Sakabal, wanda ya fi Bature buƙatar wayarsa ta daɗe, ba shi da irin wannan kariya, abin da yake da shi shi ne matashin da ya koyi aiki a gaban maigidansa da kuma bidiyoyin YouTube. Ya cancanci cibiyoyin koyon sana'a da asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'o'i su ɗauki wannan aiki da nauyin da suke ba ɗinki da kanikanci, musamman fannin bincike da mita da karanta taswirar fanel, domin a nan ne gibin yake.

Akwai kuma amanar da take tattare da gyaran kyamara fiye da kowane gyara, saboda gwada ta yana buƙatar buɗe waya, wayar kuma tana ɗauke da hotunan iyali da na matan aure da takardun mutane. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da dokar laifukan intanet ta 2019, amma kafin a kai ga doka akwai abin da yake hannun mutane. Yawancin wayoyin Android da iPhone suna barin a buɗe kyamara daga allon kulle ba tare da an ga tsofaffin hotuna ba, saboda haka canza murfi ko modul ba ya buƙatar a ba da lambar sirri. Cire katin memori da layi kafin a miƙa waya, da tsayawa a yi aikin a gaban mai ita idan gajere ne, haƙƙi ne da bai kamata mai gyara ya ji haushinsa ba. Idan an gama, kafin a biya, mai waya ya ɗauki farar takarda don ya ga ko akwai tabo, ya ɗauki rubutu daga kusa da bishiya daga nesa don ya ga ko tabarau yana motsi, ya kunna fitila a wuri mai duhu don ya ga ko haske yana zuba cikin murfi ta gefen da bai mannu ba, ya gwada kyamarar gaba da bidiyo da sauti, sannan ya karɓi tsohon abin da aka cire, su kuma yi magana a fili kan kwanakin da zai iya dawowa idan aikin ya saki.